Makarantar Mai Tabarau

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukata ta zo daga Zariya duba makarantar da na buɗe a tsakar gidana ba. Makaranta ce mai ɗaliba ɗaya. Ni ne hedimasta, ni ne malami, ni ne kuma mai kaɗa ƙararrawa.

Sana'ata sayar da tabarau. Tun ina saurayi nake da tebur a Babbar Kasuwa, kuma a layinmu an san ni da abu ɗaya: in mutum ya taho daga nesa na ga yadda yake ƙanƙance ido, na san abin da ke damunsa tun kafin ya yi sallama. Ina alfahari da wannan, har wanda bai tambaye ni ba nakan faɗa masa. Ta haka ma na haɗu da Rakiya. Ta zo sayen zare a teburin maƙwabcina, na ga duk wanda ta ɗauka sai ta kai shi dab da hancinta. Na ce, "Malama, ba zare kaɗai kike buƙata ba." Ta harare ni. Bayan shekara guda aka ɗaura mana aure.

Rakiya ta rasu a dogon hutu, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta. Ba zan tsawaita a nan ba. Ta bar mini 'ya ɗaya, Safiya, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Ummi. Shekararta takwas a lokacin, za ta shiga aji uku.

A aji ɗaya da aji biyu ba ta taɓa ba mu kunya ba. Amma tana shiga aji uku takardar sakamakonta ta dawo da jan biro daga sama har ƙasa. Na je makarantar, malaminsu ya ce ba ta kwafar abin da ke allo, sai leƙen littafin na kusa da ita. "Ko dai ta sangarce ne," in ji shi, "ko kan ne ba ya ja." Mutanen unguwa suka ce rashin uwa ne. Na yarda da nasu, domin ya fi sauƙin ji.

Da zango na biyu ya zo da irin wannan sakamakon, sai Hajiya, mahaifiyar Rakiya, ta aiko mini saƙo. Ta ce namiji shi kaɗai ba ya riƙon 'ya mace, za ta zo ta ɗauki jikarta. Tana da gaskiyarta. Amma Ummi ce kaɗai ta rage mai motsi a gidan nan namu na Unguwar Dosa, kuma ban san yadda zan riƙa shigowa in tarar da shiru ba. Na roƙi Hajiya ta ba ni wata uku. Na cire Ummi daga makaranta, na ce ni zan koyar da ita da kaina (ni da na tsaya a aji bakwai na firamare).

Na yi shiri kamar gwamna ne zai zo buɗewa. Na fasa tsofaffin batiran tocila, na kwaɓa baƙin da ƙaro, na shafe bangon ɗakin girki ya zama allo. Na samo tsohon wilin mota wajen wani bakanike a Kawo, na rataye shi a gwaibar tsakar gida ya zama ƙararrawa. Na sayi alli da rajista. Bencin ɗaliba kuma na kai shi can bakin zaure, ƙarshen gidan, domin a zamaninmu malami ba ya zama kusa da ɗalibi, wai raini ke shiga.

Kullum da safe bayan mun sha koko sai in buga wilin nan. Ummi ta fito ta yi layi ita kaɗai. In duba farcenta, in buɗe rajista.

"Safiya!"

"Ina nan, Baba."

"Ba Baba ba. Malam."

(Nakan ji dariyar matan maƙwabta ta bayan katanga. Na ce a raina hassada ce.)

Daga nan sai in juya mata baya in yi ta rubutu har hantsi, kafin in bar ta wajen matar maƙwabcina in tafi kasuwa. In na faɗi abu da baki, nan take take riƙe shi. In na nuna allo na ce ta karanta, sai shiru. A makarantar allo da take zuwa da yamma kuwa malaminsu yabonta yake yi. Ban tsaya na tambayi kaina ba me ya sa allon da ke hannunta ke karantuwa, nawa na bango ba ya karantuwa. Sai na yi ta saukar da darasin, daga aikin aji uku zuwa na aji biyu, har muka dawo zanen kaza da tulu.

Bayan wata ɗaya Hajiya ta aiko cewa ranar Asabar tana tafe. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na zana abubuwa biyar a allo da sunayensu, kaza, tulu, mota, kifi, gida, muka yi kwana uku muna maimaitawa a jere har ta haddace. Sai aka yi ruwa ranar Juma'a ya wanke allon. Da safe na sake zanawa cikin gaggawa, ban lura na sa tulu a gaban kaza ba.

Hajiya ta iso, na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa mata tabarma a gindin gwaiba. Tana sanye da tabaran da ni na zaɓa mata. Na buga ƙararrawa a kan kanta, ta ɗan zabura. Na ɗauki sanda na nuna tulu.

"Mene ne wannan?"

"Kaza," in ji Ummi, da ƙarfinta.

Na nuna kazar, har da zankonta.

"Tulu."

Na ce, "Hajiya, zanen ne bai fita ba."

"Zane ya fita," in ji ta. Ba allon take kallo ba ma, fuskar yarinyar take kallo. "Ƙawata, taso. Matso gaba. Ƙara matsowa."

Da ya rage taku biyu tsakaninta da bango, Ummi ta tsaya. Ta karanta sunayen nan biyar daidai, ta karanta kwanan wata, har da ɗan rubutun da na yi wa kaina a gefe don kada in manta sayen kananzir.

Hajiya ta gyara zaman tabaranta a hankali.

"Malam hedimasta, tuna mini, me kake sayarwa a kasuwa?"

Na sunkuyar da kai. "Tabarau, Hajiya."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Tabarau."

Bayan katanga wata ta ƙyalƙyale, aka ce mata shiru. Da akwai rami a tsakar gidan nan da na shige.

Ummi ta ce, "A aji uku malaminmu ya mai da ni bencin baya, wai na fi su tsawo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na zaci kowa haka yake gani. Kuma yanzu ba ka son surutu."

Sai Hajiya ta sassauta murya. "Yaushe rabonka da ka dubi fuskar yarinyar nan?"

Na san amsar. Tun ranar da aka fita da Rakiya nake duban ɗankwalin Ummi, da hannunta, da takalminta. Idanunta ne ba na iya dubawa, domin na uwarta ne sak.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun sadakar arba'in. Tabaran Rakiya na nan naɗe cikin hankici. Na sanya wa Ummi, ya yi mata girma, yana zamowa kan hanci. Ta riƙe shi da yatsa, ta dubi allo, ta dubi gwaiba, sannan ta dube ni ta daɗe.

"Baba, yaushe ka yi furfura?"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuma na tsuguna, na dubi 'yata da kyau.

Ranar Litinin na kai ta asibitin ido aka auna ta, aka yanka mata nata. Da ma'aikaciyar ta tambaye ni sana'ata don cike kati, na ce ta rubuta ɗan kasuwa kawai.

Ita kaɗai Hajiya ta koma Zariya. A tashar Kawo, ta riga ta shiga mota ta leƙo ta taga ta ce, "Na bar maka ita. Amma kullum da safe ka dube ta. Ba farcenta nake nufi ba."

Sauran wata biyun a tabarma ɗaya muka yi su, kafaɗa da kafaɗa, littafi a tsakaninmu, kuma na bar ta tana ce mini Baba. Wilin na mayar wa mai shi. Da sabon zango ya zo ta koma makaranta, na roƙi malaminsu ya zaunar da ita a gaba.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai koyar da ɗansa a gida, nakan ce masa ya bari tukuna da sayen alli, ya fara zama kusa da yaron ya kalle shi. In kuma wani a layinmu ya yabe ni cewa ina gane mai matsalar ido tun daga nesa, sai in ce masa eh, daga nesa kam na iya.