Yadda Za Ka Sa Sunanka Ya Shiga Bakin Jama'a Kamar Omo da Magi

Son suna ba tare da gumi ba, shi ne ciwon da zan yi magana a kansa. Ban zo hana ka ba. Tun da na ga kana so, koya maka zan yi.

Je ka kasuwar Zuru, ka tsaya a shagon Mubarak mai kayan masarufi. Mace za ta ce a ba ta omo, ya miƙo mata garin sabulun wani kamfani dabam, ta karɓa ta wuce. Kowane ɗunƙulen miya magi ne. Kowane man goge baki makilin ne. Jikokina ma, in ka tambaye su abu, sai su ce bari su gugula. Sunan mai kaya ya zama aiki ke nan.

To kai shugaba a ikilisiya, kana iya kaiwa nan. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma gani ya kori ji. Na ga wanda ya kai: Dattijo Japhet, tsohon saje, shugaban dattawan majami'armu a lokacin. Bi sawunsa. Na ba ka tabbaci, kafin dawa ta nuna sunanka ya isa Wasagu.

1. Sayi fenti

Bencin da Zumuntar Mata suka yi da kuɗin gyaɗar da suka noma, rubuta a bayansa: Kyautar Dattijo Wane. Ƙarfen ƙafar motar da ake bugawa a matsayin ƙararrawa ranar Lahadi, shi ma rubuta. Kada zuciyarka ta dame ka. Ai fentin naka ne.

2. Nemi aikin da kowa ke gani

A wurinmu gayya ce. Duk damina majami'a kan fita ta nome gonakin matan da mazansu suka tafi aikin soja ba su dawo ba. Mu nan mutane ne da muka yi golmo, muka noma wa surukai shekara da shekaru kafin a ba mu mata, don haka tafin hannun namiji muke dubawa kafin mu saurari bakinsa. Kai kada wannan ya tsorata ka. Tashi a taron dattawa ka ce daga yau kai ne sarkin gayya. Japhet da muryar fareti ya faɗa, ba wanda ya yi tari.

3. Kula da shiga da lokaci

Farar riga, gugagga. Sabuwar fartanya wadda ƙasa ba ta taɓa ganin bakinta ba. Kada ka yi sammako, sammako na marasa muƙami ne. Bari sai rana ta take, ka hango mata sun ɗauko tuwo, sannan ka iso a bayan ɗan kabu-kabu. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Riƙe addu'a da hannu biyu

Nan ne gishirin aikin. Nemi inuwar ɗorawa, ka tara mutane, ka ɗaga hannu. Fara daga Adamu, kada ka tsallake kowa. Sa a ɗauke ka hoto da fartanya a kafaɗa, a tura wa 'yan garinmu da ke bariki. Ka ce amin daidai lokacin da aka buɗe kwano.

Za a sami mai baki. A wurinmu Rachael ce, shugabar Zumuntar Mata, wadda ita ma mijinta bai dawo ba. Ranar gayyar gonarta ta share gumi ta ce, "Baba Dattijo, ga 'yan kunyoyi can sun rage ta bakin rafi."

Ya ce, "'Yata, Musa ma a kan tudu ya tsaya, hannu sama, wasu suka yi yaƙin."

Ta ce, "To Baba, shi Musan, da ya sauko, har da tuwon mayaƙan ya cinye?"

Kada ka amsa irin wannan. Ƙara miya.

5. Bar kasuwa ta yi aikinta

Ba kai za ka raɗa kalmar ba. Mu kanmu, sunan Kirista ba mu muka ba kanmu ba. Mutanen gari ne suka dubi tafiyar masu bi na farko, suka ga ta wane ce, suka laƙaba musu. Haka abin yake har yau: jama'a ba sa karanta bayan benci, hali suke karantawa.

Da fari mata ne a rijiya: "Mijina yau Jafet ya yi mini." Kafin a jima an murɗa sunan, ya koma jafata. Wanda ya zo wurin aiki da baki, ya bar hannu a gida, ya jafata. Na ji Mubarak, wanda bai taɓa taka majami'armu ba, yana daka wa mai dako tsawa: "Kai, kada ka jafata ni, ɗauki buhun nan!" A tasha, motar da ke ruri ba ta motsi, direba ya ce jafata take.

Japhet ya dawo daga kasuwar Bena yana washe baki. Ya ce mini, "Abokina, ka ji? Har can sunana ake kira." Na ce na ji. Suna linzami ne, ban dai gaya masa wa ke riƙe da shi ba.

6. Kira taka gayyar

Wannan shi ne jarrabawa. Daminar bara gwiwar Japhet ta kumbura. Ɗansa Dawuda yana bakin aiki a nesa. Ciyawa ta kai wa dawarsa wuya, kuma gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Ya sa aka yi sanarwa ranar Lahadi.

Ban taɓa ganin gayya ta cika irin wannan ba. Kowa ya zo, amma sai da rana ta take. Maza cikin fararen riguna, fartanyoyi a wanke tas. Aka nufi gindin ɗorawa. Mata suka ɗauki waƙa, wani dattijo ya fara daga Adamu. Aka ɗauki hoto.

Japhet, dogare da sanda, ya ce, "Jama'ar Allah, rana tana yi fa!"

Rachael ta ce, "Baba Dattijo, hannu sama muke, yadda ka koya mana. Jira muke masu yaƙin su iso."

Aka ce amin, aka buɗe tuwon da matarsa ta tuƙa, aka sha kunu, aka yi masa sannu da jiki. Ko ciyawa ɗaya ba ta rasa ranta ba. Abin da mutum ya shuka, shi yake girba. Shi ko wannan bai samu ba.

Gargaɗi

Ni dai na yi alkawarin suna, kuma suna ya samu. Ban ce wane iri ba. In ka bi matakan nan abin ya juye maka, kada ka zo ƙofata, kada ka kai ni gaban fasto. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ga abin da ya fita daga hannun Japhet, ka auna da kanka. Gona ta tafi, abin da aka girba bai rufe gindin rumbu ba. Kujerar dattawa ta tafi a zaɓen da ya biyo. Tuwon da ya ci da rani, daga kwanon dawar da Rachael ta aiko masa ne, na gonar nan ta bakin rafi. Sannan matar Dawuda ta haifi namiji, jikansa na fari, wanda tun yana ciki aka ce sunan kaka zai ci. Ranar suna uwar ta rungume ɗanta ta ce, "Ni nawa noma zai yi."

Godswill aka sa masa.