Makin da Kowa Ya Zaɓar wa Ɗansa

Wani ne ya yi kwas na wata uku a kan haɗa shafin intanet, ya dawo gida ya share shekara biyu ba aikin fari ba na baƙi, sai kwanciya a falo da canza tasha. Da uwarsa ta gaji da ganinsa, ta je ta roƙi ƙaninta, shugaban wata makaranta, ya taimaka ya ɗauke mata shi.

Kawu ya kira shi ofis ya ce, “Ga sakamakon jarrabawar yara ɗari shida. Ka sa a shafin makaranta, iyaye su duba a waya. In ya yi kyau, aiki ya zama naka, har da kujera da fanka. In ka ɓata, ka koma falon uwarka.”

“Kawu, ka ɗauka an gama.”

To shi duk abin da aka koya musu, abu ɗaya ne ya kwanta masa a rai, wato akwatin zaɓi. Kun san ɗan akwatin nan da in ka danna, jeri ya zubo, ka zaɓi ɗaya. Jadawali kuwa, mai layi-layi da gida-gida, ya ce aikin 'yan da ne, cika ido kawai yake yi.

Sai gogan naka ya yi akwati uku. Na farko sunan yaro, na biyu darasi. Na uku kuma maki, daga sifili har ɗari, kowa ya danna ya zaɓa. Wallahi haka ya yi, kuma har ya ɗauki hoton shafin ya tura wa uwarsa.

Washegari da safe makaranta ta cika da iyaye, kowa baki har kunne. Wani direba ya rungume Kawu.

“Malam, Allah ya saka da alheri. Yaron nan da bara ya zo na ƙarshe, bana ɗari-ɗari ya ci a komai. Har na saya masa keke.”

Kawu ya ce, “Ɗanka? Ɗari?”

“Da na danna, na yi ta ja har na kai casa'in. Na ja ƙasa kaɗan, sai ga ɗari, na ce to ai ga nasa nan.”

Wata tela kuma ta ce ita ba ta son zalama, tamanin da biyar ta ɗaukar wa 'yarta, ta bar wa sauran yara ragowar.

Kawu ya ja mutumin naka cikin ofis ya rufe ƙofa, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Kai, maki abin zaɓa ne? Abin da mutum zai zaɓa, kamar ajin ɗansa, shi ake sa wa akwati. Abin da zai karanta ya haƙura, a jadawali ake shimfiɗa shi. Ka gane?”

“Na gane, Kawu. Jadawali.”

“Darajar yayata ka ci. Ka gyara kafin gobe.”

Mutumin naka ya tafi yana ƙunƙuni, ya goge akwatunan nan kaf, ko na zaɓen aji bai yi ba. Ya kwashe yara ɗari shida ya zuba a jadawali ɗaya. Kuma maimakon ya jero su daga sama zuwa ƙasa, sai ya jera su a kwance, kowane yaro da gidansa, daga hagu zuwa dama, wai don kada shafin ya yi tsawo.

Da hantsi telar nan ta dawo, ta ɗaure babban yatsanta da ƙyalle.

“Malam, tun safe nake jan wayar nan gefe, ban iso 'yata ba. Na wuce 'ya'yan maƙwabta duka, na ga makin kowa. Ashe ɗan direba sha biyu ya ci a lissafi?”

Direban yana bayanta a tsaye, riƙe da keken. Ya ce shi ba rigima ya zo yi ba, a nuna masa wanda ya yi shafin nan kawai, ya ga fuskarsa. Bayansa kuma iyaye ne har bakin get, kowa ya san makin ɗan kowa, ana ta nuna juna da baki.

Kawu ya shiga ɗakin kwamfuta, ya tarar da mutumin naka yana goge kujerar da yake sa ran za ta zama tasa, ya kunna fanka har lamba uku. Kawu ya kashe fankar. Ya yi magana a hankali, irin ta wanda ransa ya gama ɓaci.

“Ka zaɓi ɗaya. Ko ka fita ta ƙofa, ko ka fita ta taga, ko in turo maka direba.”

Mutumin ya ƙirga da yatsunsa, ya ɗago kai yana murmushi.

“To ka gani ko, Kawu? Kai ma da aikin ya zo hannunka, akwatin zaɓi ka yi.”