Mai Sanƙo da Iskar Taga

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya ba. A bayan littafin makaranta nake yi kar Mama ta gani, don mutumin maƙwabcinmu ne.

Wani ne a layinmu nan garin Zenica, sanƙonsa ya kai ƙeya, tumbinsa kuwa shi ke riga shi shiga ɗaki. Matarsa Fikreta ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ta auna jini, ta auna suga, ta dubi kansa ta ce, "Baba, masu sanƙon tsakiyar kai irin naka sai ana sa ido a kan zuciyarsu. Ga jininka ya hau. A rage maiƙo, a bar taba."

Suna fitowa ya ce, "Kin ji ko, Fikreta? Shekara ashirin ina ce miki ki daina buɗe ƙofa da taga lokaci guda! Iska ce. Ta sanƙon take shiga, ta gangara zuciya."

"Maiƙo fa ta ce, malam."

"Yarinya ce, kunyar faɗa ta ji a gabanki."

Mu nan dai kowa ya san iskar da ta ratsa tsakanin taga da ƙofa ta fi bindiga kisa.

Ya je ya sayo hular gashin tunkiya, a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ake tsananin zafi a nan. Ya liƙe tagogin gidan duka. Kullum yana shagon kofi, gumi na zuba, taba a baki.

Abokinsa Mirsad ya ce, "Kai tsoho, tunkiya ce ta mutu a kanka?"

"Yi dariya, jahili. Magani nake. Ku kawo min burek biyu, fanken naman nan mai nason mai, a ɗora kirim!"

"Likitar ce ta rubuta maka?"

"Ni da na rufe hanyar ciwon, me zan ji tsoro?"

Bai gama na biyun ba ya dafe ƙirji, ya zube.

Wai, ga Mama can tana kirana, bari in ƙarasa da sauri.

A asibiti likitar ta tsaya a kansa da hoton ƙirjinsa, ranta a ɓace. "Baba, jijiyoyin zuciyarka uku kitse ya toshe su. Ko iska ba za ta wuce ba."

Ya juya ya kalli Fikreta, fuska fal murna.

"Kin ji da kunnenki, ko iska! Likita, to sauran fa, me zan ci su ma su toshe?"