Tattakin Baba Ƙasimu

Wani mutum ne a Malumfashi, Baba Ƙasimu, tsohon ma'aikacin gandun daji. Tun da ya yi ritaya ya naɗa kansa likitan majalisa. Ba ka isa ka sha shayi a gabansa ba.

"Sukari? Ashe kun gaji da duniya! Ni fa shekara saba'in da uku, amma zogale da rama ne abincina. Kullum ina idar da sallar asuba sai bakin dam, da ƙafa, zuwa da dawowa. Jiya ma wani mai keke na bari a hanya yana haki."

Ya ƙwanƙwasa gwiwarsa. "Kun ji? Ƙarfe!"

Tsofaffi dai sai su ce, "Allah Ya ƙara lafiya," kowa ya ɓoye kofinsa a bayan ƙafa.

Ran nan Malam Barau tela ya dawo daga asibiti jiki a sanyaye. Likita ya ce jininsa ya hau, in bai fara tafiyar ƙafa ba, ɓarin jikinsa zai iya shanyewa.

"Ƙasimu, gobe zan bi ka," in ji shi.

Baba Ƙasimu ya yi wuf ya tare shi.

"Kai Barau, tafiyata ba ta 'yan koyo ba ce."

"Ka ja ni a hankali."

"Akwai karnuka."

"Zan riƙo sanda."

Kafin Baba Ƙasimu ya ƙirƙiro wata hujjar, tsofaffi biyar sun ce su ma da su.

Washegari ya fito da takalmin kambas, ya ɗaure kai da tawul. Dabararsa ita ce ya fizge su da gudu tun farko, su sare, kowa ya koma gida. Ya ɗiba fuuu kamar an koro shi. "Ku ɗaga ƙafa, ragwaye!"

Ya wuce masallaci. Ya wuce injin niƙa. Daidai famfon unguwa ƙirji ya fara kiɗa, dum-dum-dum. Gwiwa ta ce ƙas! Ya lallaɓa bakin kwalbati ya zube daɓas, harshe a waje.

Tsofaffi suka iso tinkis-tinkis, ko gumi babu.

"Lafiya, Ƙasimu?"

"Motsa... huhu... nake yi."

Sai ga babur, ƙiiii! Sahabi ɗan acaɓa ne, magidanci mai murya kamar lasifika.

"Haba Baba! Tun ɗazu nake jiranka a bayan masallaci. Ladiyo mai waina ta ce wainarka da miyar taushe da bargo na hucewa, ta zuba maka man shanun ma. Mai shayi kuma ya haɗa mai kaurin, sukari cokali huɗu."



Baba Ƙasimu ya tattaro sauran numfashinsa. "Kai... wane ne?"

"Ni? Shekara uku kullum ina kai ka tasha ina dawo da kai, yau ka manta ni?"

Malam Barau ya dogara sanda, dariya har da hawaye. "Ashe dam ɗin na miyar taushe ne!"

Baba Ƙasimu ya yunƙura zai tashi ya bar musu wurin cikin fushi. Ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma daɓas. Ya dubi ƙasa, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Matso da babur ɗin."

Sai da Malam Barau, mai hawan jinin, ya cicciɓe shi ya ɗora.