Ku Ɓoye Akushi!

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Buza gaida baffan yarinyar da nake nema ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Kuma ba kowa ya ja mini abin da ya faru ba sai wata tsohuwar tele, wato talabijin, mai baƙi da fari da muka taso da ita a gidanmu na Madawa.

Bari in faro muku daga can. Mahaifinmu tela ne, mutum mai ɗaure fuska, irin wanda in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Har yau ban san abin da ya shiga kansa ya sayo tele ba. Lokacin unguwarmu babu kuran, wato wutar lantarki, da batirin mota ake kunna ta. Duk ranar Lahadi Inna takan gama tuwo da wuri, ana sallame magariba a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kifa turmi a ɗora telen a kai. Maƙwabta su shigo da ƴaƴansu, kakarmu ta zauna gaba da carbinta (wai ita ba kallo take ba, amma ta fi kowa zagin mugun cikin wasa). Yayana Lawali yana can jikin katanga yana juya sandar anten, mu kuma muna ta ihu: "Ya yi! A'a, koma baya! Tsaya nan, kada ka motsa!"

Abin da muke jira shi ne wani wasan kwaikwayo na Hausa, kuma a cikin wasan ba mu da gwani sai Ƙosau. Wani siriri ne mai yagaggiyar hula, wanda ba ya sallama a gidan kowa sai an sauke tukunya. Masu gida su ce, "Bisimilla, Ƙosau." Sai ya shafa ciki, ya naɗe hannun rigarsa bisa kafaɗa, ya ce, "Ku ci abinku, ni a ƙoshe nike." Kafin su kai loma ta biyu ya suɗe akushin tas.

Ban san wanda ya fara ba (Inna ta ce ƙanwata Hasiya ce), amma da zarar Ƙosau ya faɗi wannan maganar sai duk gidan mu ɗauka baki ɗaya: "Ku ɓoye akushi!" Yara da manya, har kaka mai carbi. Baba kuwa sai ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba. A duk mako wannan ne kaɗai lokacin da muke ganin haƙoransa. Wallahi ban taɓa jin daɗin zama ɗan gidanmu kamar a waɗannan Lahadodin ba. Abin ya bi jikinmu, har ya zama ko da rana tsaka wani ya ce ya ƙoshi, sai ya sha amsa daga kowane ɗaki.

To, aka girma. Tele ta mutu, aka kai ta ɗakin tarkace, wasan ma aka daina. Na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, aka tura ni wani ƙauye kusa da Keita, inda kowa ke ce mini mushe (wato malam, da Faransanci), ina tafiya ina jin kaina. A can na haɗu da Salamatu, ungozoma a ɗakin shan magani na garin. Muka daidaita. Sai dai mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun baffanta, Alhaji Idi na Buza, kuma an ce mini ya taɓa korar wani manemi ba tare da ya faɗi dalili ba.

Salamatu ta ja mini kunne sosai. Ta ce, "Mushe, Baffa ba ya son wargi ko kaɗan. Ka duƙa ka gaishe shi, ka sadda kai, ka yi shiru. Bari abokinka shi yi magana. In ya ce a'a, to a'a ce, ba ni da wani mai ɗaura mini aure."

Na ce mata, "Haba, ni da nike tsare da aji guda na yara? Natsuwa ai sana'ata ce." (Ku riƙe wannan cika bakin, za ku ga inda ya kai ni.)

Ranar Asabar na sha shaddata, abokina Habu ya ɗauke ni a moto, wato babur, muka bi hanyar nan ta duwatsu har Buza. Muka tarar da Alhaji a zaure da wasu dattawa biyu. Babban mutum ne, cikakke, farin gemu har ƙirji, ga rawani ga tabarau. Muka tuɓe takalma tun daga waje, muka durƙusa. Habu ya yi ta zuba gaisuwa, ni kuwa idona na kan tabarma, ina amsa abin da aka tambaye ni da "I, Baba" da "A'a, Baba". Komai na tafiya daidai. Abu ɗaya ne ke damuna, muryar tsohon nan. Na san ta, na rantse na san ta, amma na kasa tuna inda. Na ce a raina wataƙila wa'azi na taɓa ji ya yi a rediyo.

Ana cikin haka aka shigo da abinci daga cikin gida: tuwon gero a babban akushi, miyar kuka tana ta ƙamshin man shanu. Ni dai na san manemi ba ya cin abinci gaban suruki, don haka ko kallon wajen ban yi ba. Habu, don ladabi, ya tura akushin gaba kaɗan ya ce, "Baba, bisimilla."

Ta gefen ido na ga Alhaji ya shafa cikinsa. Na ga ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya aza bisa kafaɗa. Sannan ya ce, cikin muryar nan:

"Ku ci abinku, ni a ƙoshe nike."

Jama'a, wallahi ban yi shawara da kowa ba. Kaina bai sani ba, zuciyata ba ta sani ba. Bakina ne kawai ya buɗe, kamar yadda ya saba tun ina ɗan firamare, ya kwarara da ƙarfin da zai isa har bayan gida:

"KU ƁOYE AKUSHI!"

Kuma don abin ya cika, hannuna ya kai kan akushin ya jawo shi wajena.

Innalillahi! Ga ni durƙushe cikin shadda, rungume da tuwon surukai. A lokacin ne na ɗaga ido na dube shi sosai, na cire gemun da rawanin da tabarau a raina, sai ga Ƙosau zaune yana kallona. Ɗaya daga cikin dattawan ya kama tari na ƙarya, ɗayan ya tura gefen rawaninsa a baki. Daga cikin gida na ji wata mace ta fashe da dariya, aka yi saurin toshe mata baki. Habu, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙarin ceto na. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, rana ce ta buge shi bisa hanya."

Alhaji bai yi murmushi ba. Ya sauke hannun rigarsa a hankali ya ce, "Ku tashi ku tahi. An gode."

Tun daga Buza har muka isa gida Habu yana zagina, iska na kwasar rabin zagin. Ni ko na shanye, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da yamma Salamatu ta kira ni a waya, ban gane ko kuka take ko dariya ba (daga baya ta ce duka biyun). Ta ba ni labarin da ba a faɗa a gidansu. Baffa ya yi wasan nan yana saurayi, lokacin yana aiki a birni. Da ya dawo gida sai sunan ya bi shi. Yara su bi shi a kasuwa suna kiran Ƙosau, in ya je biki mata su yi ta ɓoye kwanoni suna dariya, ya yi magana a taro a ɗauka wasa yake. Ya daɗe yana fama kafin garin ya koma ce masa Alhaji Idi. Ni kuma, baƙo, na zo har zaurensa na tono abin a gaban abokansa.

Na ce, "Don Allah mi ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Da na gaya maka, da tun bakin ƙofa za ka hwara dariya. Na san ka."

Kwanakin da suka biyo baya ban san abin da na koya wa yara ba. Kunya ta ishe ni, ga tsoron rasa Salamatu, ga kuma wani abu da ya fi su ciwo: mutumin da ya fi kowa sa gidanmu farin ciki, shi na je na ɓata wa rai. Ana nan sai saƙo ya zo, wai Alhaji yana nemana, ni kaɗai.

Na same shi a zauren, babu kowa. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "A ina ka ga wasan nan?"

Na ce, "A gidanmu, Baba, a Madawa." Ban san lokacin da na zube masa komai ba: turmin, batirin, Lawali da anten, kaka da carbinta, da tela mai ɗaure fuska da ke rufe ido da hula. Na ce masa mahaifinmu ya rasu, kuma duk lokacin da na so in tuna fuskarsa yana dariya, sai na tuna da Ƙosau tukuna.

Ya ja gemu. Can ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ni abin da na sani game da wasan nan shi ne a nuna ni da yatsa a kasuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ke hwaruwa a cikin gidaje." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. "Wancan da na kora, ya gane ni sarai. Ya zauna nan yana ta 'Allah shi gafarta Malam', da ya fita na ji shi bayan katanga yana kwaikwayona, abokansa na dariya. Kai kuwa a gabana ka yi taka. Wawa ne kai, yaro, amma ba munahuki ba. Wawa ana iya zama da shi. Ka turo magabatanka."

Haka aka yi. A duk zuri'armu, wasu an ba su mata saboda ilimi, wasu saboda gona, wasu saboda asali. Ni kaɗai ne aka zauna aka auna, aka ba ni saboda wauta, kuma na karɓa da hannu biyu ina godiya.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka gidan surukai, ka binciki abin da kowane tsoho ya taɓa yi kafin ya tsayar da gemu, kuma kada ka yarda da bakin da ya girma a gaban tele. Yanzu ƴaƴanmu uku da Salamatu, muna zaune lafiya. Sai dai duk ranar da gardama ta haɗa mu, na gyara zama na fara nuna mata cewa ni ne mai hankalin gidan, takan bari in gama tsaf, sannan ta ce, "Mushe, ka dai tuna dalilin da ya sa aka ba ka ni."