Ranar da Na Hana 'Yan Safana Rera Tasu

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na tsaya can baya a cikin wata 'yar majami'a a Safana ina daka wa bayin Allah tsawa su yi shiru, alhali ni ya kamata in kama bakina. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya karyo mini.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Batsari. Mu Kiristocin da aiki ya kawo garin ba mu da yawa, daga malamai sai ma'aikatan jinya da matan 'yan sanda. Mawaƙanmu tara ne, kuma ni aka sa a gaba, ba don murya ba, sai don na taɓa cika baki cewa na iya karanta alamomin waƙa. (Iyakar abin da na iya shi ne in riƙe takardar ba a kife ba.)

Akwai wani dattijo, Baba Yohanna, tsohon malamin asibiti mai jagorantar mawaƙan Safana, da ya yi ritaya zai koma garinsu. Tun yana saurayi wani Bajamushe ɗan mishan ya jiyar da shi wata waƙar yabon Ubangiji a faifai, irin wadda aka tsara a ƙasarsu kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce, wai ta ƙungiya biyu. Shekara da shekaru yana ajiye da takardunta cikin leda bai taɓa samun isassun mawaƙa ba. Burinsa ɗaya: kafin ya tafi ya ji ta sau ɗaya daga bakin mutane. Sai ya ce Safana su zama ƙungiya ɗaya, mu 'yan Batsari ɗaya.

To, hanyarmu a shekarun nan ba a binta sai dole saboda 'yan bindiga, don haka haɗuwa a yi bita tare ba ta taso ba. Sau ɗaya ya zo a babur, ya rubuta mana Jamusancin yadda za mu iya furtawa, ya koya mana da baki, ya miƙa mini takardarmu.

"Inda na zana da'ira, ku yi shiru, ku ƙirga takwas a zuci. Ka gane ko, Malam?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

Ban gane komai ba. A nawa tunanin, ƙungiya biyu na nufin mu haɗu mu rera abu ɗaya don murya ta yi ƙarfi. Kunyar tambaya ce ta hana ni, ga matan suna kallona a matsayin masani.

Muka fara bita. Mu rera layi ɗaya, sai mu yi tsit muna kallon juna, kowa yana motsa leɓe yana ƙirga. Mu sake rerawa, mu sake tsit. A mako na biyu maƙwabcinmu Malam Haruna tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, lafiya dai? Waƙar taku shaƙuwa take yi ne?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ita ma ta ce, "Ni dai Malam tun da nake ban taɓa jin waƙar da ba amshi ba. Anya Baba bai manta da shafi ɗaya a gida ba?" Na kira Baba a waya, layi yana yankewa, abin da na tsinta kawai shi ne "takwas" da "Allah ya taimaka". Sai na yanke shawara irin ta masu ilimi: Turawa ba su san amshi ba, shi ya sa suka bar gurbi. Duk layin da muka rera, sai mu maimaita shi da ƙarfi a cikin da'irar, da tafi, Mama Saratu tana buga tulunta na kiɗa. Ya yi daidai da takwas ɗin cif. Na ji kaina ya ƙara girma.

Ranar bikin sallamar Baba muka hau a-kori-kura, aka tsayar da mu a shingen sojoji, ba mu isa ba sai da aka fara sujada. Ba lokacin gwaji. Baba ya jera 'yan Safana a gaba kusa da bagadi, mu kuma ya kai mu can baya bakin ƙofa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wato mu ne baƙi ke nan. Shi ya tsaya a tsakiya cikin fararen kaya. Ya kalli tulun Mama Saratu, ya kalle ni.

Ya ɗaga mana hannu, muka rera layin farko, ya fita tas. Abin da ya ɗaure mini kai, 'yan Safana ba su buɗe baki ba. Sai Baba ya juya mana baya, ya fuskance su, suka fara wani abu a hankali, daban da namu. Mu kuwa lokacin amshi ya yi. Muka ɓarke, tafi da tulu, muka danne su kamar tirela ta bi ta kan keke.

Baba ya waiwayo yana girgiza hannu. Na ɗauka cewa yake mu ƙara, sai na yi wa mutanena alama suka ƙara. A da'ira ta biyu 'yan Safana suka sake shigowa da nasu. Haƙurina ya ƙare. A gaban fasto da dattawa da baƙi, na ɗaga murya na ce, "Haba 'yan Safana! In ba ku iya ba ku saurara mana, kuna ɓata wa Baba waƙa!"

Waƙa ta tsaya cak. Baba ya sauke hannuwansa, ya tako har inda nake, ya karɓi takardar, ya ɗora yatsa a kan da'irar.

"Ɗana, nan ba fili ba ne. Wurin 'yan'uwanka ne. Ku yi magana, su amsa muku da tasu, a ƙarshe ku haɗu. Shi ya sa na raba ku gaba da baya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne fuskarsa: shekara da shekaru yana jiran minti biyar ɗin nan, gobe kuma mota za ta kwashe kayansa.

Ya roƙi fasto a sake gwadawa. Mama Saratu ta tura tulun ƙarƙashin benci. Muka rera, muka kama bakinmu, sai amsa ta taso daga gaba, mai laushi, ta ratsa saman kawunan jama'a ta iso mu. Tsigar jikina ta tashi. Na shagala da sauraro har na manta ƙirga, sai da Mama Saratu ta zungure ni da gwiwar hannu na shigo a makare. Muka yi ta miƙa wa juna har ƙarshe, inda muryoyin suka haɗu kwanon rufi yana amsawa. Ba ta fita kamar ta faifai ba, na sani. Amma Baba ya kammala hawaye yana bin kumatunsa.

A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Na ji ta, Malam. Har sau biyu ma, ɗaya da tulu."

Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na gane, ban gane ba nake fara cewa. In kuma na ji an yi shiru a taro, sai in duba ko lokacin wani ne ya yi magana kafin in buɗe nawa bakin.