Yadda Kwabon Mista Thackwell Ya Shiga Jirgi

Duk garin da Allah ya so da alheri sai ya aiko masa da babban mutum. Mu a Wattle Reach, nan kudancin Tasmania, da ba mu iya komai ba sai noman tuffa da sassaƙa jiragen ruwa na katako, sai aka aiko mana da Mista Desmond Thackwell. Daga Melbourne ya zo bayan ya yi ritaya daga wani kamfanin inshora. Ya sayi gida a kan tudu don ya ji daɗin kallonmu daga sama, kuma bai daɗe ba ya gano ciwon da ke cin garin: ba mu da ƙungiyar masu tara tsabar kuɗi. Nan take ya kafa ta, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya ci da gagarumin rinjaye. Tun daga ranar muke kiransa Sarkin Kwabo, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

A gaskiya ya cancanta, domin yana da kwabon 1930. Wanda bai sani ba zai ga wani baƙin jan ƙarfe mai hoton kan sarki, irin wanda kakanninmu ke sayen alewa da shi. Amma a waccan shekarar kaɗan aka buga, shi ya sa guda ɗaya yau ya kai kuɗin sabuwar mota. Wannan kwabo shi ne digirin Mista Thackwell, shi ne asalinsa, shi ne dalilin da ya sa yake tafiya haɓa a sama. Idan za a nuna maka shi, sai ka wanke hannun da ba za ka taɓa da shi ba, ka tsaya nesa, ka kawar da numfashinka gefe. Shi kuma ya sa farar safar hannu, ya buɗe ɗan akwatin a hankali kamar mai buɗe tukunyar da ke tafasa.

Duk wata yana buga wa ƙungiya takardar labarai: an tono kuɗin Rumawa a gonar wani Bature, an yi gwanjon tsohon sule a Sydney, ma'aikatar buga kuɗi ta sake fito da sabuwar dala biyu mai fenti. Wannan na ƙarshen shi ke tayar masa da hawan jini. "Kuɗi da launi!" in ji shi. "Saura a sa musu ƙararrawa a raba wa jarirai!" 'Yan ƙungiyar sukan gyaɗa kai baki cike, domin yawancinsu kek ɗin matarsa Glenys ne ya sa su son tarihi.

Ana nan sai aikin jirgin ruwan da gari ya haɗu yana sassaƙawa ya zo ƙarshe. Shekara da shekaru mutane ke ba da katako da gumi, Noelene Griggs tana jagorantar sassaƙa. Noelene mace ce da ta gaji aikin daga ubanta, ba ta da doguwar magana, kuma ko gwamna ne ya zo sai ta gutsure sunansa. A taron kwamiti ta ce saura a kafa ginshiƙi, doguwar sandar nan da ake ɗaura wa zanen iska, don haka ana bukatar tsabar kuɗi ɗaya ta jirgi kamar yadda aka saba. Ta ce tana da sabuwar dala biyu ta bana a aljihu, ta wadatar.

Sarkin Kwabo ya miƙe. Ba ɗan kwamiti ba ne, amma rashin gayyata bai taɓa hana shi jawabi ba.

"Jama'a, in dai ina numfashi a garin nan, jirginmu ba zai ɗauki kuɗin wasan yara ba! Ni, Desmond Thackwell, na ba da kwabon 1930."

Noelene ta ce, "Des, ka san dai inda ake sa shi ko? Ai a..."

"Mista Thackwell za ki ce, Noelene. Kuma don Allah kada ki koya mini inda ake ajiye tsabar kuɗi. Tun ba ki san hagu da dama ba nake wannan fanni."

Noelene ta ɗaga kafaɗa ta zauna. Shi kuwa ya riga ya hango komai a ransa: akwatin gilashi a ɗakin jirgi, fitila tana haska kwabon, ƙasansa an zana sunansa a farin ƙarfe, 'yan yawon buɗe ido suna layi, makulli kuma yana aljihunsa. Kyauta ce irin ta manya, wadda ake bayarwa a tafa maka, abin kuma yana hannunka.

Glenys 'yar masunci ce, a bakin kogin nan aka haife ta, ta san al'adar sarai. Da suka koma gida ta ce, "Desmond, ka tsaya ka ji, wannan kuɗin da suke cewa..." Ya ɗaga mata hannu ya ce maganar tarihi ake yi, ba ta kicin ba. Ta dube shi irin kallon da mace ke yi wa mijin da ta daɗe da haddacewa, ta koma ta ci gaba da kwaɓa fulawa. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Shi kuma ya ɗauki waya ya gayyato wakilin wata mujallar masu tara kuɗi daga Melbourne, wai kada tarihi ya faru babu shaida.

Ranar Asabar gari ya hallara a bakin kogi, inda jirgin yake. Ana gasa soseji ana naɗewa a burodi da albasa, 'yan makaranta suna busa ƙaho kowa da inda ya nufa, injin ɗaga kaya kuma ya rataye ginshiƙin a sama, katako mai nauyin da sai ka ja da baya. Mista Thackwell ya hau kan jirgi da kwat da safar hannu. Ya faro daga Girkawa, ya bi ta kan Rumawa, ya yada zango a kan yaƙin duniya, har albasa ta ƙone. Sannan ya ɗaga kwabon sama tsakanin yatsu biyu.

"Ba aro na bayar ba, ba jingina ba! Na ba jirgin nan har abada, kuma duk wanda ya ji na nemi a dawo mini da shi, ya kira ni ƙaramin mutum!"

Aka tafa. Noelene ta goge hannunta a wando, ta karɓi kwabon da yatsun da suka sha kwalta. Mista Thackwell ya bi ta da ido yana jiran ta nufi ɗakin jirgi. Sai ya ga ta sauka ta wata kafa zuwa can ƙasan ciki, inda aka fafe rami daidai gindin ginshiƙi. Ta dangwala kwalta a ramin, ta manna kwabon, ta danna shi da babban yatsa. Haka masu jirgi ke yi tun kaka da kakanni: a sa kuɗi a ƙarƙashin ginshiƙi don neman sa'a, a ɗora katako a kai, shi ke nan. Kowane yaro a Wattle Reach ya san wannan, ban da masanin garin.

Ta ɗago kai ta ga fuskarsa ta koma kamar madarar da ta kwana. Tausayi ya kama ta, ta yi ƙasa da murya.

"Des, har yanzu da dama. Ka ce a dakata, in ciro maka abinka in sa dala biyuna. Ba wanda zai mutu."

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce tsakaninsa da kwabonsa. Ya dubi ramin, zuciyarsa tana kuka. Ya dubi jama'a, duk sun zuba masa ido da soseji a hannu. Ya dubi wakilin mujalla, wanda ya riga ya saita kyamara. Magana zarar bunu ce, tasa kuwa da lasifika ya zare ta. Sai Sarkin Kwabo ya gyara kwat, ya ɗaga hannu kamar janar a fagen fama, ya ce da wata siririyar murya da ba mu san shi da ita ba, "A sauke!"

Aka sauke ginshiƙin. Ƙarar zaman katakon a ramin ba ta da yawa, amma shi har cikin haƙoransa ya ji ta. Aka buga matosai, aka ɗaure igiyoyi, masu ƙaho suka sake tashi. Ya lallaɓa kusa da Noelene ya tambaya, wai don ilimi kawai, yaushe akan cire ginshiƙi a duba lafiyarsa.

"Wannan? Ai ni na zaɓi itacen da hannuna," in ji ta da alfahari. "Sai dai jikokinmu."

Yana tsaye yana kallon gindin ginshiƙin, sai ga wakilin mujalla ya taho da sauri, fuska cike da fara'a, ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

"Mista Thackwell, ban taɓa ganin karamci irin wannan ba! Ka san abin da ka yi kuwa? Guda ɗaya ya fita daga kasuwa ke nan. Duk mai kwabon 1930 a ƙasar nan, nasa ya ƙara daraja yau." Ya matso ya raɗa masa a kunne. "Ni ma ina da ɗaya. Na gode ƙwarai."